Fulogi Huɗu Kafin Ƙarfe Biyu

"...lafiya ƙalau, Tsoho. Ya kwanan mai jiki?"

"Da sauƙi. Ta ɗan samu barci wajen asuba. Ya mutanen gidanku?"

"Suna gaishe ka."

"Ina amsawa. Ke kuma wa ya gayyato ki da farar safiyar nan? In shayi kika biyo, mun riga mun kife kofuna."

"Shayinka da ba sukari? Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

Ta tsaya a bakin rumfar mota da ƙaramar leda a hannu. Tun ranar da ta gama jami'a kakan nata ya laƙaba mata 'Yar Takarda, sunan ya bi ta har cikin dangi. Ita kuwa tun tana koyon magana Tsoho take ce masa, alhali a lokacin ko furfura ɗaya ba shi da ita. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tuƙin babbar mota, da ya ajiye ya sayi wannan ƙaramar farar, wadda yanzu farinta ya koma kalar haƙori. Murfin injin a buɗe yake, an tokare shi da sanda. Tsoho na zaune a kan benci, ya shimfiɗa tsumma a cinya, fulogi huɗu a jere a kai, yana goge na farko da guntun samfefa.

Ba zuwan gaisuwa kawai ta yi ba. Kakarta, wadda kowa ke kira Inna, ana yi mata wankin ƙoda ranar Talata da ranar Juma'a, ƙarfe biyu na rana. Juma'ar da ta wuce motar nan ta mutu musu a danja, ta ƙi tashi sama da awa guda. Kafin su isa asibiti an ɗora wani a kan na'urar, ba kuma sauran gurbi. Inna ta kwana huɗu ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Yau Talata, likita kuwa ya ce kada a kuskura a sake tsallakewa. Baban 'Yar Takarda, da ke aiki a wani gari, ya buga waya ya ce a ɗauko motar haya. Inna da kanta ta ce a'a, ba za ta shiga motar wani ta bar mijinta tsaye a ƙofar gida yana kallo ba. Wanda ya san Inna ya san maganar ta ƙare ke nan. Saura motar ta tashi, ta kuma kai.

"Me ke cikin ledar?" in ji Tsoho, bai ko ɗago ba.

"Maganin rawar motarka."

"Motata ba ta rawa."

"Tana yi. In ta tsaya a danja madubinta har sallama yake wa mutanen gefe."

"Ladabi ne. Ni na koya mata. Ke da na yi ta fama ban samu kin koya ba."

"Fulogi ne, Tsoho. Sabbi, guda huɗu."

Hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da gugar.

"Fulogi. Yarinyar da in na danna hon take rugawa ƙarƙashin gado, yau ita ce ta zo mini da fulogi. A wane aji aka koya muku?"

"Ajin da ake koyon sauraro. Da safe sai ka murɗa makulli sau nawa kafin ta tashi?"

"Sau ɗaya."

"Sau biyar. Inna na ƙirgawa daga ɗaki."

"Huɗun farko gaisuwa ce. Ba a faɗa wa babba haka kawai ba sallama."

"Man da take sha fa? Kullum kana hanyar gidan mai, har sun fara tambayar lafiyarka in ba su gan ka ba."

"Mai ƙoshin lafiya shi ke ci da yawa."

"In ta zo hawa gada kuma ta riƙa shaƙuwa, tana fizga kamar akuyar da ake ja kasuwa."

"Tunani take yi. Ta tuna manyan hanyoyin da na ba ta labari."

'Yar Takarda ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta ɗora ledar a tsakaninsu. Ta san wannan wasan tun tana ƙarama, ta san kuma ba a shiga wurin Tsoho ta wata ƙofa sai wannan. In ka zo masa da fuskar gaske, sai ya tashi ya shige ɗaki.

"Duk waɗannan alamu ne," ta ce. "Fulogi ya gaji. Akwai iyakar tafiyar da yake yi, daga nan sai a cire shi a sa wani."

"Ba a canja fulogi, wanke shi ake yi. Ke in kin yi dauɗa, canja ki ake yi?"

"Ni ba na ƙonewa sau dubu a minti ɗaya."

"Da bakin nan naki? Kin fi haka."

"Da dai ana canja abin da ya tsufa, da tuni Inna ta kai ka kasuwa."

"Ta kai ni. Aka taru ana kallo, aka rasa wanda ya isa ya taya. Waɗannan da kike gani," ya ɗaga ɗaya sama, "sun fi ki sanin duniya. Sun ga ruwan da ya cinye gada, sun ga ƙurar da ta rufe rana. Kowane wata nake fito da su in yi musu wanka da fetur, in goge musu baki, in mayar. Ba su taɓa kai ƙarata ba."

"Ranar Juma'a sun kai."

Ba ta yi niyyar ta faɗe shi da wuri haka ba. Ya ajiye samfefar a hankali. Daga tagar ɗakin da ke kallon rumfar ana jiyo tarin Inna, gajere, busasshe.

"Miƙo in ga abin da aka damfare ki da shi," ya ce.

Ta zaro kwalin, mai sheƙi, ta buɗe ta ɗora masa ɗaya a tafin hannu. Ta ɗan gyara zama, don ta san ta yi abin kirki.

"Mai shagon ya ce babu wanda ya fi shi a kasuwa. Dubi tsininsa, siriri kamar allura. Irin wanda ake sa wa motocin zamani ne, sai ya yi shekaru ba a taɓa shi ba."

Tsoho bai duba ba. Ya bi jikin fulogin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya tsaya a wuyan da ake murɗawa cikin inji, ya sake bi. Sannan ya ɗauki tsohon ya jera su a tafinsa, kai da kai.

"Da kika je, me kika ce wa mai shagon?"

"Na ce ina son fulogi mai kyau."

"Na wace mota?"

"Na ce... tsohuwar mota ce, fara."

"Fara."

"To ai fara ce."

"Sannu. Da kin ce masa baƙa ce, da wani iri zai ba ki ke nan. Shekara huɗu ana kai ki makaranta ana ɗauko ki, ashe launi kika karanto. Kawo yatsanki."

Ya kama yatsanta ya ɗora a wuyan tsohon, sannan a wuyan sabon. Sabon ya fi tsawo da kusan faɗin farce.

"Kin ji?"

"Na ji. Ya ɗan fi tsawo. Sai me?"

"Sai me. Ramin da yake shiga yana da iyaka. A ƙarƙashinsa fistin ne yake hawa yana sauka, da gudun da idonki ba zai gani ba. In wuyan ya zarce, ya leƙa ciki, fistin ya taso, me kike jin zai faru?"

Ta sake duban wuyan sabon.

"Naushi ɗaya. Ko ya lanƙwashe bakin fulogin, ko ya huda kan fistin. Da kin zo ba na nan kin ɗaura wannan kin tayar, da yau ba asibiti ba, ko bakin layi ba za mu kai ba."

Jiya da yamma har ta raya a ranta ta zo da sassafe kafin ya fito, ta ɗaura da kanta, ya tarar an gama. Barci ne kawai ya makarar da ita.

"Ba tsawo kaɗai ba ma," ya ci gaba, muryarsa ta fara dawowa daidai, don ya samu abin da ya fi ta. "Akwai mai riƙe zafi, akwai mai saurin sakinsa. Ki sa wa injin nan wanda ya cika zafi, bakinsa ya yi ja ya riƙa kunna mai tun lokaci bai yi ba. Ki sa masa wanda ya cika sanyi, baƙin hayaƙi ya toshe shi a kwana uku. Kowane inji da nasa. Tsada ba ta gaya miki wannan, lamba ce ke gaya miki."

"Na yi kuskure."

"Ban ji ba. Kunnen nan ya tsufa, ya kamata a canja shi."

"Na ce na yi kuskure, Tsoho."

"Madalla. Na fasa auren ma. Ba zan zauna da matar da za ta kashe mini mota ba."

"Wa ya ce dama ana son ka? Kawo tsohon in karanta lambar, in koma a canja."

Ta ɗauki ɗaya daga kan tsumman ta juya shi a haske. Farin tangaran ɗin da ke samansa ya koma ruwan ƙasa, ba ko harafi ɗaya. Ƙarfen kuwa ya sha samfefa har ya yi santsi kamar bayan cokali. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Duk haka.

"Ina lambar?"

"Tana nan."

"Ba ta nan. Ka goge ta. Shekara da shekaru kana yi musu wanka har ka wanke musu suna."

"Ki sa gilashinki da kyau."

Tana juya na huɗun ne ta gani. Wani siririn layi baƙi ya taso daga gindin tangaran ɗin ya hau sama, kamar gashi ya manne. Ta goga da yatsa, bai fita ba. Ta dubi bakin: tsinin da ya kamata ya zama mai kaifin gefe ya cinye ya yi mulmul, tazarar da ke tsakaninsa da 'yar ƙugiyar ta buɗe.

"Tsoho, wannan a tsage yake."

"Ƙarya ne."

"Ga shi nan, tun daga ƙasa har sama. Ta nan wutar ke zurarewa, ba ta kaiwa baki."

"Dauɗa ce. Kawo."

Ya karɓa ya kai shi kusa da ido, ya janye shi nesa, ya sake matso da shi. Ya ce, "Ba komai a nan." Ita kuwa tana kallo ta ga gefen da yake dubawa ba shi ne mai tsagar ba, kuma ko da ya juya, layin ya wuce ta gaban idonsa bai tsaya ba. Sai a lokacin ta lura da wayoyin fulogin da ke rataye a jikin injin: an ɗaura wa kowace zare, ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu ƙulli biyu, har zuwa huɗu. Ba alamar da ake gani ba ce, alamar da ake shafawa ce.

Ta kama babban yatsansa kamar yadda ya kama nata ɗazu, ta ɗora farcensa a kan tangaran ɗin ta ja a hankali. Farcen ya maƙale a tsagar, ya yi 'yar ƙara.

Ya sake ja da kansa. Ya sake. Sannan ya sauke hannun a cinya, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

"Fulogin?"

"Idon."

Ya ja numfashi. "Tun bara yake yi mini hazo. Na ce ƙura ce." Ya juya fulogin a hannu. "Ranar Juma'a da ta mutu, na fito na buɗe murfin nan. Rana tsaka, motoci na ta hon a bayana. Na duba ciki, sai na ga kamar an zuba madara a kan injin. Ni da nake kwance injin babbar mota a gefen hanya in ɗaure shi kafin gari ya waye. Na tsaya ina taɓa wannan ina taɓa wancan, don kada kakarki ta gane. Tana baya a kwance, ba ta ce mini komai ba. Sau ɗaya kawai ta ce, 'Kada ka damu, a hankali.' Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi."

'Yar Takarda ta san in ta bari hawaye ya fito, zai tashi ya shige, ba kuma zai sake buɗe wannan maganar ba har abada. Sai ta haɗiye.

"To ai shi ya sa kake cewa na yi kyau kwanan nan," ta ce. "Na yi ta mamaki."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ko da idona garau ban taɓa faɗa ba."

"Ka faɗa ranar bikin yaye mu."

"Hular nake nufi."

Ta duba agogon wayarta. Goma saura kwata.

"Bari in tafi da tsohon, a gwada tsawon a ba ni irinsa."

"Wanda ya ba ki fulogi saboda mota fara ce? Zai ba ki duk abin da ya yi kama. Tsawon za ki gani da ido, zafin fa? Sai da lamba."

"Ka tuna ta?"

Ya rufe ido. Leɓensa ya motsa, ya kama harafi biyu, ya sake su. "Da ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa."

"Littafin motar?"

"Ruwa ya cinye shi shekarar da rufin nan ya yi yoyo."

Suka yi zaune. Wata mota ta wuce a layi, ƙararta sumul, kamar da gayya.

"Ke." Muryar Inna ce ta fito daga taga, siririya, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Shigo ki buɗe akwatin keken ɗinkina."

'Yar Takarda ta shiga. Ɗakin na warin man zafi da sabulu. Inna na jingine da filo uku, ƙafafunta a kan wani, sun yi sulɓi saboda kumburi. Ta nuna keken da haɓa. A cikin akwatin, ƙarƙashin tsofaffin zarurruka, akwai wani ɗan kwali da gefunansa suka yi laushi, an ɗaure shi da roba. Ta buɗe: allurai ne a soke a jikin ƙyalle, da maɓallai iri-iri. Ta juya murfin. Ga hoton fulogi, ga lamba a ƙasansa, ta dushe amma tana karantuwa.

"Inna, kin ji duk abin da muka ce?"

"Tagar ba ta da ƙofa." Ta huta. "Na san da idon tun kafin shi ya sani. Yana zuba mini ruwa a kofi yana zubawa a tire. Juye alluran a faranti, ki tafi da kwalin. Ki dawo mini da shi."

Ta fito tana ɗaga kwalin sama kamar takardar shaida.

"Tsoho, ka san wannan?"

Ya shafa shi. "A ina kika samo?"

"Wannan kwalin, ina aji uku a firamare nake satar maɓalli a cikinsa muna wasa. Yanzu na gama jami'a har na fara aiki. Tun lokacin ba ka sake sayen fulogi ba?"

"Na saya."

"Bai saya ba," in ji taga.

"Ke ba a ce ki huta ba?" ya ce da ƙarfi, sannan ya rage murya. "Kin ga abin da nake fama da shi shekara hamsin. Mutum ba shi da sirri ko a cikin injinsa."

"Ashe fulogin nan sun kusa isa aure."

"Su za su riga ki. Tashi ki tafi, rana na yi."

Shagon kayan mota na da ɗan nisa, ta hau babur. Mai shagon ya karɓi na jiya ba gardama, ya dubi tsohon kwalin ya ce rabon da a tambaye shi wannan lambar har ya manta. Ya durƙusa ya yi ta jan kwalaye daga can ƙasan kanta, yana hure musu ƙura. Tana tsaye tana kallon agogo, tana lissafin inda za ta nufa in ya ce babu. Da ya miƙe da kwalin a hannu, ba ta yarda da bakinsa ba: ta jera lambobin biyu ta karanta harafi bayan harafi, sannan ta fito da tsohon fulogin ta gwada wuyansu. Daidai. Ba su da sheƙi, tsininsu mai kauri ne irin na da.

Sha ɗaya da rabi ta dawo. Tsoho na nan inda ta bar shi, sai dai ya kawar da samfefar.

"Kin daɗe. Na ɗauka kin tsaya zaɓen launi."

"Karɓi ka shafa."

Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ya laluba aljihu ya fito da wani guntun zarto da ya yi baƙi saboda tsufa, ya zura shi a tazarar bakin kowanne. Uku ya ce sun yi. Na huɗun ya ɗan ƙwanƙwasa ƙugiyarsa a jikin benci sau ɗaya, ya sake zurawa, ya gyaɗa kai.

"Wannan ba ya son ido," ya ce. "In zarton ya shiga yana ɗan ja, shi ke nan." Ya miƙa mata na farko. Ta ɗauka zai miƙe ya nufi injin, sai ta ga bai motsa ba. "Me kike jira? Injin ya huce tun jiya. Naɗe hannun rigar nan."

A iya saninta ba wanda ya taɓa sa hannu cikin injin nan sai shi, har babanta. Ta naɗe hannun riga ta sunkuya.

"Goge bakin ramin tukuna, kada ƙasa ta faɗa ciki. To, sa shi a tsaye. Da yatsu za ki fara murɗawa, ban da sifana. In ya yi gardama ki dawo baya ki sake, kada ki tilasta shi, sai ki cinye ramin."

"Kamar kai ke nan."

"Ni ba a juya ni, ko da yatsu ko da sifana."

"Inna ta juya ka shekara hamsin ba ta taɓa neman sifana ba."

"Murɗa ki rufe mini baki. Ya zauna?"

"Ya zauna."

"Yanzu sifana. Kaɗan. Ba kokawa kike yi da shi ba. In kin ji ya ce miki ya isa, ki tsaya."

"Ba ya magana."

"Yana yi. Ke ce ba kya bari kowa ya yi."

Ta ja a hankali har ta ji ƙarfen ya cije, ta tsaya. Ya taso ya ɗora hannunsa a kan sifanar ya ɗan gwada, bai ƙara ba, bai kuma yaba ba. Ya laluba wayoyin ya miƙo mata mai ƙulli ɗaya. Haka suka bi su huɗun, ita da ido shi da yatsa. Na ukun ya shiga a karkace, ta ji ya turje, ta dawo da shi baya tun bai ce komai ba. Ta ga ya ji ƙarar, ta ga kuma ya yi kamar bai ji ba.

Da aka gama ya ce ta shiga ta tayar. Shi ya tsaya a gaba, tafinsa a shimfiɗe a jikin motar.

Murɗa ɗaya. Injin ya kama, ya ɗan yi sama, ya sauko ya zauna a kan murya ɗaya, sumul, ba tsalle ba shaƙuwa. Ta taka totur ta saki, ya amsa ya dawo. Ta leƙo ta gilashi. Bai ɗauke hannunsa ba, kansa a sunkuye, ya daɗe a haka.

"Batir ne," ya ce daga ƙarshe. "Jiya na goge masa kai."

"Haka ne. Batir ne."

"Kada ki ce mini haka ne da wannan muryar."

Ƙarfe ɗaya saura suka fito da Inna, ɗaya a kowane gefe, tana taku tana hutawa. Suka jera mata filo a kujerar baya, suka ɗora ƙafafunta. 'Yar Takarda ta mayar mata da kwalinta, Inna ta riƙe shi a cinya. Tsoho ya cire sandar ya rufe murfin injin, ya zagayo ya buɗe ƙofar direba kamar yadda ya saba. Ya sa ƙafa ɗaya ciki. Sai ya tsaya, yana duban layin da ke gaba, inda rana ta haske komai fari fat. 'Yar Takarda na tsaye a bayansa da jakar Inna a kafaɗa.

Ya fito da ƙafar.

"Lasin nan naki na gaske ne, ko shi ma launinsa kika zaɓa?"

"Shekara biyu ina tuƙa motar Mama."

"Allah ya ji ƙan motar." Ya kama hannunta ya danƙa mata makullin, ya naɗe yatsunta a kai. "Ba don kin iya ba. Filon kakarki ne ke zamewa in an taka birki, sai da mai riƙewa."

Ya zagaya ya shiga baya, ya ɗaga ƙafafun Inna ya ɗora a cinyarsa. 'Yar Takarda ta zauna, ta jawo kujerar gaba, don an daɗe da saita ta a kan dogayen ƙafafu. Ta tayar da mota, ta gyara madubi har ta hango fuskarsa a ciki.

"Tsoho."

"Mene ne kuma?"

"Tsofaffin fulogin. In dawo in yi musu wanka, ko kuwa?"

Ya kawar da kai. Inna ta ɗan taɓa shi da ƙafa.

"Sun tsufa," ya ce.

"Ban ji ba. Injin na ƙara."

"Injin ba ya ƙara, ke kika gyara shi, munafuka." Dariya ta ƙwace masa, ta gaske, har kafaɗunsa na girgiza, ya goge ido da bayan hannu. "Na ce sun tsufa. Kin ci. Ja mu je, kuma akwai rami a bakin layi ta hagu, ki bi shi a hankali."

Ta sa giya, motar ta fita daga rumfar.